Jirgin Busan: Wa Ya Rufe Ƙofa?

Akwai wani wasan majigi na ƙasar Koriya ta Kudu mai suna Train to Busan, watau Jirgin Busan, wanda Yeon Sang-ho ya shirya, aka fitar da shi a shekarar 2016. A ƙasarsu kaɗai an yanki tikitin kallonsa fiye da miliyan 11. Daga can ya bazu cikin duniya, har ya iso Kano a cikin wayoyin samari, ana tura wa juna, daga yaran kasuwa har leburorin masana'antun Challawa da Sharaɗa da Bompai. Dattijon da ya leƙa ya ga mutane masu fararen idanu suna cizon juna, sai ya kau da kai ya ce shirme ne. Malami kuwa ya ce ƙarya ce tsagwaronta, gama matacce ba ya tashi sai ranar da aka yi alkawari. Dukansu suna da hujja. Amma abin da ke riƙe mai kallo har kusan awa biyu ba ya wajen masu cizon, yana wajen masu rai da ke cikin tarago.

Su waɗannan halittu ana ce da su zombi. Asalin kalmar daga ƙasar Haiti take, wurin jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. A camfinsu boka yana iya tayar da gawa ya sa ta bauta a gonar rake, ba ta da magana, ba ta da ra'ayi, watau tsoron bawa ke nan kada ko mutuwa ta kasa 'yanta shi. A 1968 wani Ba'amurke, George Romero, ya juya labarin ya mai da su masu cin naman mutane. A Jirgin Busan kuwa babu wanda ya fito daga kabari. Cuta ce mai yaɗuwa ta hanyar cizo, wanda ta kama sai hankalinsa ya gushe nan take, ya far wa na kusa da shi, ko da uwarsa ce.

Ga yadda labarin yake. Wani dillalin hannun jari a birnin Seoul, mai son abin duniya, sun rabu da matarsa, yana riƙe da 'yarsu ƙarama amma ba ya da lokacinta. Ranar zagayowar haihuwarta ta nace sai an kai ta wurin uwarta a Busan, tafiyar da ta ɗara kilomita 400. Suka yi sammako suka shiga jirgin ƙasa mai gudun tsiya. Ana gab da rufe ƙofa sai wata yarinya da aka ciza ta faɗo ciki, ba wanda ya lura. Kafin a yi nisa cuta ta cinye tarago bayan tarago.

Gwanintar mai shirin ita ce ya ƙuntata wuri. Jirgi yana gudu, babu hanyar sauka, tsakanin mai lafiya da mahaukata ƙofar gilashi ce kawai. Ya kuma ba masu cutar iyaka: ba su iya buɗe ƙofa, ba su kai hari sai ga abin da suka gani ko suka ji motsinsa, in jirgi ya shiga ramin dutse duhu ya rufe sai su dabarbarce. Saboda haka mai kallo yana lissafi tare da matafiyan. Wata mace ta jiƙa takardun jarida ta liƙe gilashi don kada a hango su. Maza uku suka ɗaure hannuwansu, suka ratsa taragai cike da mahaukata don ceto iyalinsu, suna jiran duhu kafin su motsa. Wanda ya san dara ya san daɗin irin wannan kallo.

To, amma kan zancen yana ga ƙofa. Tun da fari dillalin nan ya rufe ƙofa a fuskar wani ƙato da matarsa mai ciki, alhali lafiyarsu ƙalau. Da 'yarsa ta tashi ta ba wata tsohuwa kujera, sai ya ja ta gefe ya hore ta da cewa a irin wannan rana kowa kansa yake ceto. Ba a jima ba ƙaton da ya rufe wa ƙofa shi ne ya tsaya ya buɗe masa. Sa'an nan da suka ceto mutanensu suka iso taragon da sauran matafiya suka fake, sai wani attajiri, babba a wani kamfanin motocin haya, ya zuga jama'a aka ɗaure ƙofa, wai kila sun ɗauko cuta. Jinkirin nan ya ci ran ƙaton, wanda ya tokare wata ƙofar da jikinsa har matarsa ta tsira. Waɗanda suka kori 'yan'uwansu kuwa ba su amfana ba, domin wata tsohuwa da ta ga an bar yayarta ta halaka, ita ta buɗe wa mahaukatan hanya a kansu. In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Mutanen Koriya ba su kalli wannan a matsayin tatsuniya ba, don akwai miki a zuciyarsu. Ran 16 ga Afrilu 2014 jirgin ruwa mai suna Sewol ya kife, mutum 304 suka mutu, galibinsu 'yan makarantar sakandare. An yi ta shela a cikin jirgin cewa kowa ya zauna inda yake, yara suka yi biyayya, shi kuwa shugaban jirgin ya fice ya bar su. Daga baya aka yanke masa ɗaurin rai da rai. A 2015 kuma cutar numfashi da ake kira MERS ta kashe mutum 38 a ƙasar, jama'a suka zargi hukuma da ɓoye sunayen asibitocin da cutar ta shiga. Don haka da suka ga jami'in gwamnati a cikin fim yana cewa a kwantar da hankali alhali gari yana ci da wuta, sun gane muryar. Ita kanta Busan can ne 'yan gudun hijira suka tsere a yaƙin 1950, har ta zama mazaunin gwamnati na wucin gadi.

Mutumin Kano ma yana da abin da zai gane, abu biyu ne.

Na farko, tushen cutar. A farkon fim an nuna yoyo daga wata masana'antar sinadarai, kifaye suna mutuwa a tafki. Dillalin ya ga labarin, abin da ya yi kawai shi ne ya ba da umurni a sayar da hannun jarin kafin ya faɗi. Can tsakiyar tafiya yaronsa na ofis ya bugo waya cikin kuka, ya shaida masa cewa kamfanin da suka tallafa da kuɗi shi ne mafarin annobar. Mazaunin Kumbotso ba ya bukatar a yi masa tafsirin wannan. Shekaru da yawa masana'antun jima da na rini suna sako ruwan ɗauɗa. Na Challawa yana gangarawa kogin Challawa, na Sharaɗa ya bi rafin Salanta ya tarar da shi, na Bompai ya bi Getsi ya shiga Jakara. Masu bincike na jami'o'i sun sha auna ruwan nan suna samun sinadarin kuromiyam, wanda ake jeme fata da shi, fiye da ƙima. Da ruwan ake ban-ruwan lambu, kayan lambun kuwa kasuwa suke zuwa. Mai ribar fata da mai sayen latas tarago ɗaya suke ciki, sun sani ko ba su sani ba.

Na biyu, ƙofar. A watan Afrilu 2020, da cutar korona ta shigo aka kulle Kano, mace-mace suka yawaita, aka yi rashin dattawa da malamai masu yawa cikin 'yan makonni. A wannan lokaci gwamnonin Arewa suka yi shawarar mai da almajirai jihohinsu na asali. Aka ɗebi yara ɗaruruwa cikin motoci, wannan jiha ta aika wa waccan, da aka gwada waɗansu a inda aka sauke su aka same su da cutar. Niyyar tsare lafiya ce aka faɗa. Amma yaron da aka cusa a mota cikin cunkoso, aka raba shi da allonsa da malaminsa, ya san ta wane gefen ƙofa aka bar shi.

Ba a ce killace mai cuta laifi ne ba. Malamai sun san labarin annobar Amwas a ƙasar Sham, wajen shekara ta 18 bayan Hijira, yadda Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa bai shiga ƙasar ba, da yadda Abu Ubaida ɗan Jarrah ya ƙi barin rundunarsa har ya rasu a cikinta. Ɗaya ya tsare waɗanda ke waje, ɗaya ya zauna da waɗanda ke ciki, babu wanda ya jefar da amana. Bambancin killacewa da yasarwa ke nan, kuma a kansa fim ɗin ya ginu. Attajirin nan bai rufe ƙofa don jama'a ba, don kansa ya rufe, shaida kuwa ita ce daga baya ya riƙa tura mutane bakin mahaukata ɗaya bayan ɗaya don ya sami hanya.

Ƙarshen tafiya mutum biyu kaɗai suka isa: yarinyar da mace mai ciki. Uban, da aka cije shi wajen kare su, ya koya wa matar yadda za ta tsai da jirgi, ya yi ban kwana da 'yarsa, ya faɗa ƙasa tun hankalinsa bai gushe ba. Su biyun suka shiga ramin dutse da ƙafa. Sojan da ke tsaron Busan ya hango inuwa cikin duhu, aka ba shi umurni ya harbe, ya ɗora yatsa a kunama. Sai ya ji yarinyar tana rera waƙa cikin kuka, ya gane mai rai ce, ya sauke bindiga.

Fim ɗin akwai jini da firgita, bai dace da ƙananan yara ba, uba ya kula da wayar gidansa. Amma malami ko ɗan kasuwa da ya iske saurayi yana kallonsa, maimakon tsawa, ya fi kyau ya tambaye shi wane ne shi a cikin jirgin nan, ƙaton ne ko attajirin, sa'an nan shi ma mai tambayar ya ba kansa amsa. Allah ya tsare jama'a daga annoba, ya tsare su daga son kai a ranar annoba. Haza wasalam.