Kuɗin Cizo: Ɗauko Shi Ake Yi

A Furana, kamar sauran garuruwan Ikara, Makarfi da Kudan, da zarar kuɗin cizo ya ɓulla a ɗaki, matar gida ake fara zargi da ƙazanta. Zargin nan ba shi da tushe. Ƙwaron jini kaɗai yake sha, babu ruwansa da ragowar tuwo ko shara. Ba shi da fiffike, ba ya tsalle, don haka duk inda ka gan shi, akasari ɗauko shi aka yi. Yana lafewa a ɗinkin katifar da aka saya ta hannu, a kalmasar rigar gwanjo, a akwatin ɗalibin da ya dawo hutu daga makarantar kwana, a jakar ɗan ci-rani, har a kujerar motar haya. Tamata ɗaya ta isa ta cika gida, domin takan saka ƙwai ɗaruruwa a rayuwarta, farare ƙanana kamar ƙwayar gishiri, su ƙyanƙyashe cikin kwana 6 zuwa 10. Kulle ɗaki ma ba ya maganinsa, tunda yakan yi watanni bai sha jini ba.

Wani zai ce ai an fi ganinsa a ɗakin da ke da tarkace. Gaskiya ne, amma tarkace maɓoya yake ba shi bayan ya riga ya shigo. Ko birnin Faris na Faransa bai tsira ba: a 2023 ya ruɗe da shi, har aka rufe wasu makarantu a ƙasar. Masu cewa gidan sauro ne ke kawo shi su ma sun yi kuskure. Abin da ya faru shi ne ƙwaron ya saba da irin maganin da ke jikin gidan sauron, sai ya samu wurin ɓuya a ɗinkinsa. Wanda ya jefar da gidan sauro saboda haka ya buɗe wa zazzaɓin cizon sauro ƙofa, alhali ba a tabbatar kuɗin cizo na yaɗa cuta ba.

Kunya ita ce ta fi taimakonsa. Mai gida ya yi shiru, ya yayyafa fiya-fiya cikin dare inda yara ke kwana, ƙwai su tsira, ƙwaron ya bi tsagar bango ya shiga ɗakin maƙwabci. Zafi ne ke kashe shi har ƙwansa. Kayan gwanjo, a zuba musu tafasasshen ruwa kafin su shiga ɗaki. Katifa, a ɗaga ɗinkinta a nemi baƙaƙen ɗigo kafin a biya kuɗi. Wanda kuma ya gan shi a ɗakinsa, don Allah ya sanar da mutanen gidan tun da wuri.