Shimfiɗar Macijin Gardi: Nazari daga Ƙofar Galadima, Zariya

Harshen Hausa ya tanadar wa kusan kowace dabbar gida sunan makwancinta. Doki yana da barga, kaji suna da akurki, tumaki da awaki suna da turke, tsuntsu kuwa keji. Amma maciji ba shi da ko ɗaya, domin Bahaushe bai taɓa lissafa shi cikin abin kiwo ba. Hasali ma idan dare ya yi ba a son ambaton sunansa, sai a sakaya a ce "igiyar ƙasa". Duk da haka akwai masu ajiye shi, watau gardawa masu wasa da macizai, kuma su ma aron mazubi suke yi: ƙwarya mai murfi, ko tukunya, ko akwatin katako mai huji. Abin da wannan maƙala za ta duba shi ne abin da ake shimfiɗawa a ƙasan mazubin, domin a kansa ne lafiyar macijin ta rataya, wani lokaci har da ran mai shi.

Kafin a yanke hukunci a kan kowace shimfiɗa, ya kamata a dubi inda maciji yake zaɓar wa kansa. Ƙofar Galadima ɗaya ce daga ƙofofin ganuwar birnin Zariya, kamar Ƙofar Doka da Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Gayan. Abin da ya rage na tsohuwar ganuwa irin wannan, da ramukan ɓera da gafiya da ke jikinta, da suri, da bakin kududdufan da aka haƙi ƙasar gini, su ne matattarar macizai. Ramin nan yana da duhu, yana da ƙunci, zafinsa ba ya hawa da sauka kamar na fili, sa'an nan ƙasarsa tana da ɗan sanyin laima ba tare da ta jiƙe ba. Wannan shi ne ma'aunin da za a gwada kowace shimfiɗa da shi.

Dalilin haka yana jikin dabbar. Maciji ba ya samar wa kansa ɗumi, daga abin da ya kwanta a kai yake ɗauka, kuma da ciki yake tafiya, dare da rana fatar cikinsa tana manne da shimfiɗa. Bugu da ƙari, yawancin macizai huhu ɗaya ne yake yi musu aiki sosai, kuma ba sa iya tari, saboda haka ƙurar da suka shaƙa ba ta da hanyar fita cikin sauƙi.

Da wannan aka fitar da toka da ƙaiƙayi tun daga farko: toka tana busar da fata, ƙaiƙayin gero da ɓuntun shinkafa kuwa ƙura ne da tsini. Yashi ya fi su ruɗin mutane, don ana ganin kububuwa a wurare masu yashi da tsakuwa. Sai dai a cikin akwati yashi yana manne wa abincin maciji, ya haɗiye shi tare da ɓera ko kwaɗo, ya taru ya toshe hanji. Garin katako na wurin kafintoci yana tsotse ƙazanta, amma ba a sanin itacen da ya fito daga ciki, ko an shafa masa maganin gara. Masu kiwon macizai a Turai da Amurka sun daɗe da guje wa itacen sida saboda mansa mai ƙamshi yana cutar da numfashin dabbar. Abin da ya rage shi ne tsumma mai tsabta da tsohuwar jarida, waɗanda ba su da kwarjini amma sun fi sauran amfani. Ana ganin kashi a kansu nan take, ana ganin kaska idan macijin ya zo da ita daga daji, kuma a sauya su ba asara. Akwai ɗan abin dariya a nan, ganin Hausawa suna cewa wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, ga shi kuwa tsumman ne ya zama katifar macijin.

Wuyar al'amarin tana ga sauyin yanayi. A Zariya ruwa yakan sauka daga wajen watan Mayu zuwa Oktoba, kuma a wannan lokaci tsumman da ya jiƙe ya kwana biyu yakan yi fumfuna, fatar cikin maciji ta yi ja, ta yi ƙuraje, ta fara ruɓewa. Da hunturu kuwa matsalar ta juya. Maciji yana yin saɓa, watau ya tuɓe tsohuwar fata gaba ɗaya daga baki zuwa wutsiya, har da siririn marfin da ke kan idonsa. Alamarta ita ce idon ya yi hazo-hazo na 'yan kwanaki. Idan iska ta bushe ƙwarai saɓar takan fita gutsi-gutsi, marfin ido ya maƙale, zoben tsohuwar fata ya shaƙe ƙarshen wutsiya har ya mutu ya faɗi. Maganin wannan ba jiƙa shimfiɗa duka ba ne. A kifa tsingaro a kusurwa guda, a sa ɗan tsumma mai danshi a ƙarƙashinsa, a bar sauran wurin a bushe. Macijin zai shiga ya fita yadda jikinsa ya nema, kuma kaushin tsingaron zai taimaka masa wajen goge fata. Ramin ganuwa ke nan aka kwaikwaya.

Ga macizai masu dafi akwai wani sharaɗi da ya fi waɗannan nauyi, shi ne kada shimfiɗa ta yi kaurin da za ta ɓoye dabbar. Kasa, wadda ake yi wa kirari da barci, launinta ya saje da busasshen ganye, kuma saurin saranta ya saɓa wa nauyin jikinta. Binciken da Dokta David Warrell da abokan aikinsa suka yi a Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1970 ya bayyana yadda dafin kububuwa yake hana jini daskarewa, kuma a 1976 an buga bayanin makantar da kumurci mai tofa dafi yake jawowa idan ya sami ido. Cire haƙoran dafi, kamar yadda wasu masu wasa suke yi, ba kariya ba ce mai ɗorewa, domin wasu suna sake tsirowa. Abin da yake bari kawai shi ne rauni a baki, wanda ƙurar shimfiɗa take shiga ya ruɓe.

A yau ƙaramar mesar nan mai dunƙulewa kamar ƙwallo, wadda ake fitarwa daga Gana da Togo da Binin, tana cikin macizan da aka fi ajiyewa a gidajen Amurka da Turai. A can ana sayar da shimfiɗarta a buhu, kamar ɓawon kwakwa da aka niƙa, don yana riƙe danshi ba ya saurin ruɓewa. A daji kuwa, wannan mesa a ramin ɓera da cikin suri take wuni.