Magani Na Nan, Amma Tsoro Ya Tare Musu Hanyar Asibiti

A cikin masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau akwai waɗansu matasa da ba a cika jin labarinsu ba, watau waɗanda aka haifa maza amma suke rayuwa a matsayin mata. A ƙasar Hausa, mafi kusa da su a kamanni su ne 'yan daudu, ko da yake ba kowane ɗan daudu ne ke ɗaukar kansa mace ba.

Wani bincike da aka buga a 2013, wanda ya tattara alƙaluma daga ƙasashe 15, ya nuna cewa kimanin kashi 19 cikin ɗari na irin waɗannan mutane suna ɗauke da ƙwayar. A Nijeriya kuwa, ƙidayar 2018 ta sami kashi 1.4 ne cikin ɗari a tsakanin jama'a 'yan shekara 15 zuwa 49.

Dalilin wannan tazara a fili yake. Da yawansu tun suna ƙanana iyaye ke korarsu daga gida, karatu ya tsaya, aikin yi ya gagara, har yunwa ta tura waɗansu karuwanci.

Abin takaici shi ne magani na nan. Wanda ya lazimci shan sa kullum har ƙwayar ta daina bayyana a gwajin jini zai rayu lafiya, ba zai kuma sa wa abokin kwanciyarsa ba. Sai dai shan magani yana bukatar komawa asibiti a kai a kai, a nan ne kuwa gizo ke saƙa. Bayan an sa hannu kan dokar hana auren jinsi ɗaya a 2014, wani bincike a Abuja a tsakanin maza masu neman maza ya nuna masu tsoron zuwa asibiti sun ƙaru daga kashi 25 zuwa 38 cikin ɗari.

A birnin Bankok na ƙasar Tailan an gwada wata dabara. A 2015 aka buɗe musu asibitin Tangerine, inda 'yan'uwansu ke cikin ma'aikatan da ke karɓarsu, ana gwaji da magani ba tsangwama.

A Nijeriya ma akwai dokar 2014 da ta haramta nuna bambanci ga mai ɗauke da ƙwayar. Saura ma'aikatan asibiti su riƙe sirrin majinyaci, su karɓe shi ba wulaƙanci, domin wanda tsoro ya hana shi magani, rayuwarsa da ta waɗansu ne ke cikin haɗari.