Ƙwayayen Haihuwa Na Ƙarewa, Mu Muna Ta Jiƙe-Jiƙe

Jama'ar Kaduna, wata ɓarna na cin gidajenmu a ɓoye. Daga Kawo har Unguwar Rimi, mata na asarar shekarun haihuwarsu a hannun masu tallar maganin sanyi, mu kuwa mun yi gum.

Ku sani, da ƙwayayenta ake haihuwar mace, miliyan 1 zuwa 2. Kafin ta balaga sun koma kimanin 300,000. Raguwa suke kullum. Da ta haura shekara 35 sai raguwar ta ƙara sauri, ingancin na sauran ma ya faɗi. Wanda ya tafi ya tafi. Babu saiwa ko jiƙon da ke dawo da shi.

Abin tsoron, al'ada kan zo daidai wata-wata alhali rumbun ya kusa ƙarewa.

Ku dubi yadda ake yi. Amarya ta shekara biyu ko ɓatan wata ba ta yi ba. Uwar miji ta fara habaici. Sai a sayo gorar jiƙo daga motar mai lasifika a bakin kasuwa, a ce sanyi ne. Shekara ta zagayo, a sauya mai magani. Sai ta doshi arba'in sannan a tuna da likita. Daga nan a kira ta juya, a miƙa mata takardarta. Mijin kuwa ko sau ɗaya ba a auna shi ba.

Wannan zalunci ne. Duk wanda ya gani ya yi shiru, da shi aka yi.

Haihuwa ta Allah ce, babu ja. Amma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum 1 cikin 6 kan gamu da matsalar rashin haihuwa. Lalura ce, kuma tana da likitocinta.

Ya zama wajibi ma'auratan da suka shekara ba ciki su ga likitan mata. In matar ta haura 35, wata 6 kawai za a jira.

Ya zama wajibi su tafi tare, Asibitin Barau Dikko ko na Shika. Ita a yi mata awon jini na AMH, mai nuna yawan ƙwan da ya rage, da hoton mara, shi a auna maniyyinsa. Ko an tarar ƙwan ya yi kaɗan ana iya samun rabo, in an gano da wuri.

Ya zama wajibi 'yammatanmu su rabu da shisha da sigari, domin hayaƙin na ƙone ƙwai, yana gaggauta ɗaukewar al'ada.

Ya zama wajibi malamai su faɗi wannan a kan mumbari da islamiyyun matan aure, iyaye mata kuma su daina ɓoye 'ya'yansu don gudun gori.