Gishiri da Zafi: Masu Tsaron Mai Cin Abincin Dare

A birnin Shikago na ƙasar Amurka, idan dare ya raba, manyan gidajen abinci sukan rufe, sai ƙananan rumfunan unguwa da mashayar da ke maƙwabtaka da su a bar su a buɗe. Direbobin tasi, da ma'aikatan asibiti da suka tashi daga aiki, da ɗalibai, su ne ke yin layi don sayen abin da Amurkawa ke kira hot dog, wato niƙaƙƙen nama da aka ɗura a cikin siririn hanji ko makamancinsa, aka sa a tsakiyar burodi. A Shikago yawanci na naman sa ne.

Wannan abinci yana da haɗari tun asali. Niƙaƙƙen nama da aka tsuke, iska ba ta shigarsa, nan ne mazaunin da ƙwayar cutar Clostridium botulinum ta fi so. Dafinta yana shanye jijiyoyi, har numfashi ya gagara. A wajajen 1820 wani likitan Jamus, Justinus Kerner, ya bayyana cutar a jikin waɗanda suka ci irin wannan nama. Sunanta ma daga kalmar Latin ta wannan abinci aka samo shi.

Mai tsaro na farko shi ne gishirin naitirait da ake zubawa kaɗan tun a masana'anta. Shi ke hana ƙwayar yaɗuwa, shi ne kuma ke ba naman launin nan mai ja-ja. Amma ba a rasa nono a ruga: a 2015 hukumar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa cin giram 50 na sarrafaffen nama kullum yana ƙara haɗarin sankarar hanji da kashi 18 cikin ɗari.

Mai tsaro na biyu shi ne zafi, wanda ke hannun mai rumfa. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da 60 a ma'aunin Salshiyas. Ƙwayar Listeria kuwa ko a firji tana yaɗuwa. A 1998 ta kama mutum wajen 100 a Amurka ta wannan abinci. Shi ya sa ake so a ɗumama shi ya kai digiri 74, a kuma ajiye shi sama da digiri 60.

Saboda haka mai ci da dare ya dubi tukunya kafin ya miƙa kuɗi. Naman da ke tururi shi ne abin saye. Wanda ya huce a gefe, barinsa ya fi.