Idan yaro ya faɗa hannun hukuma a Bauchi: abubuwan da ya kamata ka sani

Sau da yawa idan 'yan sanda suka kai samame kan 'yan sara-suka a garin Bauchi, a cikin waɗanda ake kwasowa akan samu yaran da ko gemu ba su fara ba. Jama'ar da ta sha wuya a hannunsu takan ce a kai su gidan yari kawai. Doka kuwa sai ta fara tambayar shekarunsu.

Zargi daban, hukunci daban

Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai kotu ta tabbatar, kuma nauyin kawo hujja yana wuyan mai gabatar da ƙara. Ba a hukunta mutum sai a kan laifin da rubutacciyar doka ta ambata tare da hukuncinsa. Sashe na 35 kuma ya wajabta a kai wanda aka kama gaban alƙali cikin kwana ɗaya, muddin akwai kotu a tazarar kilomita 40.

Ina shekaru suka shigo?

Galibin laifuka ba sa cika sai an haɗa aiki da niyya, niyya kuwa sai da hankali. Shi ya sa kundin Final Kod, wanda Arewa ta fara aiki da shi a 1960, ya ce a sashe na 50 abin da ɗan ƙasa da shekara 7 ya yi ba laifi ba ne. Daga 7 zuwa ƙasa da 12, sai an duba ko wayonsa ya kai ya gane abin da ya aikata da abin da zai biyo baya.

Bauchi tana da wani kundin kuma, na shari'ar Musulunci, wanda ya fara aiki a 2001 zamanin Gwamna Ahmadu Adamu Mu'azu. A fiƙihun Malikiyya ma'aunin shi ne balaga: haddi ko ƙisasi ba ya hawa kan wanda bai balaga ba, sai dai ladabtarwa. To amma balaga alamar jiki ce, ɗan shekara 14 yana iya kaiwa gare ta, alhali Dokar 'Yancin Yara ta tarayya ta 2003 tana kallon duk ɗan ƙasa da 18 a matsayin yaro. Wannan saɓani na cikin abin da ya sa jihohin Arewa suka daɗe suna jan ƙafa wajen amincewa da dokar. Sai a ƙarshen 2023 Gwamna Bala Mohammed ya sa hannu a dokar kare yara ta jihar.

Ina ake kai shi?

Dokar tarayyar ta tanadi kotun iyali, ta hana bayyana sunan yaron, ta hana ɗauri, bulala da hukuncin kisa a kansa, ta kuma ba 'yan sanda damar kashe ƙananan maganganu ta hanyar sulhu. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta hana haɗa yara da manyan fursunoni. Sai dai tsofaffin gidajen horon matasa na tarayya uku ne, a Kaduna da Ilorin da Abeokuta.

Takardar haihuwa

Duk wannan kariya ta rataya ne a kan tabbatar da shekaru, kuma a ganina nan ne ake yi wa yaranmu sakiyar da ba ruwa. Yaron da ba shi da takardar Hukumar Ƙidaya, idan aka rubuta masa 19 a takardar tuhuma, da me uwarsa za ta musa? Wani lokacin ma ƙuruciyar da kowa ke gani ba ta hana komai. Ranar 1 ga Nuwamba 2024 an gurfanar da yara, akasari daga Kano da Kaduna, a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja kan wata zanga-zanga da aka yi a watan Agusta, bayan kusan wata uku a tsare. Wasunsu suka yanke jiki suka faɗi a cikin kotu, aka sa belin kowannensu naira miliyan 10. Sai da hotunan suka karaɗe ƙasa sannan Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a sake su.