Janet Rowley

Janet Davison Rowley (5 ga Afrilu 1925 zuwa 17 ga Disamba 2013) likita ce 'yar Amurka kuma masaniyar ƙwayoyin halitta. Ita ce ta fara nuna cewa musayar gutsattsari tsakanin kuromosom biyu tana haddasa wasu nau'o'in sankarar jini.

Farkon rayuwa da karatu

An haife ta a birnin New York. Ta yi karatu a Jami'ar Chicago, ta zama likita a 1948. Ta fara aiki da yara masu tawayar ƙwaƙwalwa. A 1961 ta tafi Oxford da ke Ingila ta koyi nazarin kuromosom, wato zaruruwan da ke ɗauke da bayanan gado a cikin ƙwayoyin jiki. Ɗan Adam yana da guda 46, a jere bibbiyu, daga lamba 1 zuwa 22, sai kuma biyun da ke tantance jinsi.

Bincike

A lokacin, yawancin masana na ganin sankara ce ke lalata kuromosom, ba lalacewarsa ke kawo sankara ba. Rowley takan yayyanka hotunan kuromosom na marasa lafiya, ta jera su a kan teburin cin abinci na gidanta tana kwatantawa. A 1972 ta gano lamba 8 da lamba 21 sun yi musaya a sankarar AML. A 1973 ta wallafa a mujallar Nature cewa guntun da ake zaton ya ɓace daga lamba 22 a masu sankarar CML ashe komawa ya yi kan lamba 9. A 1977 ta gano irin wannan musayar tsakanin 15 da 17.

Tasiri

Aikinta ya share fagen samar da imatinib, maganin haɗiya da aka amince da shi a 2001, wanda ya mayar da CML cutar da ake daɗewa ana rayuwa da ita. A Najeriya an fara raba shi kyauta a asibitin koyarwa na Ile-Ife a 2003, a wancan lokacin masu cutar daga Arewa ma can suke zuwa karɓa. Cikin waɗanda suka samu horo a hannunta akwai Farfesa Olufunmilayo Olopade, wadda ta yi karatun likita a Jami'ar Ibadan.

Rowley ta samu lambar Lasker a 1998. A 2009 Shugaba Barack Obama ya ba ta lambar yabo mafi girma da Amurka ke bai wa farar hula.